Jami'in tsara tafiyar jirgin sama: aikinsa da abin da kuskurensa ke jawowa

Ni ɗan unguwar Turaki ne a Jalingo, neman abinci ya zaunar da ni a Agege. Bara da hunturu na shirya zuwa gida ta Yola, muka yi awa huɗu a filin jirgin Ikeja, daga ƙarshe aka ce an soke tafiya saboda hazo. Wallahi har da ni a masu tada jijiyar wuya. Daga baya na bi diddigi, na gane akwai wani ma'aikaci a bayan fage da ke da hannu a irin wannan hukunci. Turawa na ce masa disfaca, wato jami'in tsara tafiyar jirgi.

Mene ne aikinsa?

Shi ba ya tuƙi, kuma ba shi ne ke hasumiya yana ba jirage umarni ba. Ma'aikacin kamfanin jirgi ne, a ofis yake zaune. Kafin jirgi ya tashi, shi ke fitar da hanyar da za a bi, ya duba rahoton yanayi na hukumar NiMet, ya lissafa nauyin fasinja da kaya, sannan ya zaɓi wani fili na ko-ta-kwana idan sauka ta gagara. Man jirgi kuwa, ƙa'idar duniya ta ce dole ya isa inda aka nufa, ya isa filin ko-ta-kwana, kuma a bar ragowar shawagin minti 30 ga jirage masu injin jet. Takardar tsarin tana zuwa hannun hukumar NAMA, matuƙi ya duba ya amince. A Najeriya hukumar NCAA ke ba su lasisi, kuma kwalejin koyon aikin jiragen sama ta Zariya na cikin wuraren da ake horar da su.

Inda kuskure ke shigowa

Na farko, lissafin mai. A ranar 28 ga Nuwamba 2016 jirgin kamfanin LaMia ya tashi daga Boliviya zuwa Kolombiya ɗauke da 'yan ƙwallon Chapecoense na Brazil. Takardar tsarin ta nuna tafiyar awa 4 da minti 22 ce, man da ke ciki ma na awa 4 da minti 22 ne, babu ko ɗigon ragowa. Da suka kusa Medellin aka ce su ɗan jira, sai mai ya ƙare. Mutum 71 cikin 77 suka mutu.

Na biyu, hanya. A Nuwamba 2023 wani jirgin United Nigeria ya tashi daga Legas da fasinjojin Abuja, sai ga shi a Asaba. Kamfanin ya ce yanayi ne ya sa, fasinjoji kuma suka ce an shaida musu takardar tsari ce aka ba matuƙi ba daidai ba. NCAA ta dakatar da jiragen hayar kamfanin don bincike.

Na uku, rashin mai cewa a'a. Mu mutanen Jalingo ba mu manta da 25 ga Oktoba 2012 ba, ranar da ƙaramin jirgi ƙirar Cessna da Gwamna Danbaba Suntai ke tuƙawa da kansa ya faɗi kusa da filin jirgin Yola. Rahoton masu bincike ya nuna an tsara tafiyar a kan tuƙi da ganin ido, alhali ta kai bayan faɗuwar rana. Gwamnan ya yi ta jinya har ya rasu a Amurka a 2017, yau filin jirgin Jalingo sunansa yake ɗauke da shi. A jirgin kasuwa ana sa mutum biyu kan tsarin tafiya ne don idan ɗaya ya yi ganganci, ɗaya ya taka masa birki.

Abin da ya shafe mu

Mu mazauna kudu mun fi tafiya gida a ƙarshen shekara, daidai lokacin da hazo ke rufe Kano, Yola da Maiduguri. Idan tazarar gani ta gaza abin da doka ta ƙayyade wa filin, babu jami'in kirki da zai sa hannu. Haka kuma idan aka ce kayanka sun yi nauyi, ba lallai neman kuɗi ba ne kawai. A zafin arewa iska takan yi sako-sako, jirgi mai nauyi sai ya ci doguwar hanya kafin ya ɗaga.

Shawarata, jama'a, idan ɗaurin aure ko suna za ka, kada ka yanki tikitin ranar. Ka ba da tazarar kwana ɗaya ko biyu. Idan an soke tafiya, nemi haƙƙinka a teburin NCAA da ke filin jirgi, ko a sauya maka rana ko a mayar maka da kuɗinka. Amma kada ka matsa sai an tashi. Ni dai sai bayan kwana biyu na isa Turaki, na tarar da mahaifiyata lafiya, ta ce gara jinkirin. Allah ya kai mu gidajenmu lafiya.