Yadda Aka Hana Jini Daskarewa A Cikin Robar Asibiti

Duk wanzamin da ya taɓa yin ƙaho a lungunan cikin birnin Kano ya san halin jini: da zarar ya bar jijiya sai ya yi guda-guda. Wannan ɗabi'ar ce ke ceton wanda ya yanke, ita ce kuma ta daɗe tana ci wa likitoci tuwo a ƙwarya. Mai ciwon ƙodar da ya taso daga Jakara ko Yakasai zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, jininsa zai yi wajen awa huɗu yana zagaya robobi da matata a wajen jikinsa. Cikin 'yan daƙiƙoƙi furotin ɗin jini ke manne wa bangon roba, ƙwayoyin tsayar da zubar jini su biyo sahu. In ba a yi dabara ba, hanya ta toshe.

Dabarar farko daga matsattsaku ta fito. A 1913 John Abel da abokansa a jami'ar Johns Hopkins ta Amurka suka tace jinin dabbobi da taimakon hirudin, sinadarin da matsattsaku ke hana jini daskarewa da shi. Georg Haas ya gwada haka a kan mutum a Jamus a 1924, sai dai hirudin na lokacin bai da tsabta, yana wahalar da marasa lafiya. Heparin ne ya raba gardama. Binciken da wani ɗalibi, Jay McLean, ya fara a 1916 ne ya kai ga gano shi a hantar kare, masu bincike a Toronto suka tsarkake shi a shekarun 1930. Da shi Willem Kolff ya tayar da na'urar wankin ƙoda a Holan a 1943, da shi kuma John Gibbon ya yi aikin zuciya da na'ura mai tsaya wa zuciya da huhu a 1953.

Amma heparin bai san inda ake bukatarsa ba. A roba ake son aikinsa, shi kuwa sai ya bi jiki duka, mai sabon ɗinki ko gyambon ciki ya yi ta zubar da jini. Me zai hana a ɗaure maganin a jikin robar?

Amsar ta zo kusan da katari. Vincent Gott, likitan fiɗa a jami'ar Wisconsin, yana shafa wa kayan gwajinsa baƙin sinadarin girafait, ya tsoma su a ruwan kashe ƙwayoyin cuta, sannan a heparin. Ashe ruwan kashe ƙwayoyin ne ke riƙe heparin a jikin shafen. Ya bayyana sakamakon a 1963. Riƙon dai bai da ƙarfi, jini na wanke shi sannu a hankali. Sai a 1983 Olle Larm da abokansa a Suwidin suka gano yadda za a ɗaure kowane zaren heparin ta ƙarshensa ɗaya kawai, sauran yana lilo cikin jini yana aikinsa. Wannan ne shafen Carmeda, wanda ya samu karɓuwa a na'urorin aikin zuciya da na tallafa wa huhu. Daga baya aka fito da shafe marasa heparin, irin wanda kamfanin Terumo na Japan ke yi, domin akwai waɗanda jikinsu ke bore wa maganin.

Akwai kuma batun da ke tayar wa Musulmi hankali: yawancin heparin na duniya daga hanjin alade ake samo shi, mafi yawa a ƙasar Sin. Malamai da dama sun halatta shi bisa lalura, wasu ƙasashe kamar Brazil kuma suna yin na shanu.

Robobi masu shafe suna da tsada, kuma ko da su ba a cika barin allurar heparin gaba ɗaya ba, rage ta ake yi. Shi ya sa a wankin ƙoda na yau da kullum, a Kano kamar yawancin duniya, roba mara shafe ake sakawa, a zuba heparin a layin jini. Wanda ake jin tsoron zubar jininsa kuwa, sai a rage masa ko a hana shi, a riƙa ɗauraye layin da ruwan gishiri har a kammala.