Wace shawara marubuci zai bi?

Kusan kowane sabon marubuci yakan ci karo da shawarwari masu cin karo da juna. Wani malami ya ce a taƙaita jimla, wani ya ce a ƙawata ta da karin magana.

Sau da yawa saɓanin yakan samo asali ne daga cewa kowace shawara an ba da ita ne ga wasu mutane, a wani zamani, domin maganin wata matsala.

Ƙa'ida ko salo?

Matakin farko shi ne bambanta ƙa'idar rubutu da shawarar salo.

Ƙa'ida ita ce abin da masana da hukumomi suka amince da shi, kamar rabawa da haɗa kalmomi ko amfani da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ da ɗ da ƙ. An kafa Hukumar Harshen Hausa a shekarar 1955, kuma hukumar UNESCO ta shirya taro a Bamako a 1966 kan rubuta harsunan Afirka ta Yamma, ciki har da Hausa.

Duk da haka ba a daidaita komai ba. A Najeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuwa ƴaƴa. A nan marubuci yakan bi tsarin ƙasa ko gidan ɗab'in da yake yi wa rubutu, ya kuma tsaya a kansa daga farko har ƙarshe.

Wa aka yi wa shawarar?

A 1946 marubucin nan na Ingila, George Orwell, ya zayyana dokoki shida na rubutu. Daga ciki ya hana amfani da salon maganar da aka saba gani a rubuce, ya kuma ce a zubar da duk kalmar da ba ta da aiki.

To sai dai Orwell yana yaƙi ne da yadda 'yan siyasa ke ɓoye gaskiya a cikin dogon Turanci. Da Abubakar Imam ya guje wa maganganun da jama'a suka saba ji, da littafin Magana Jari Ce ya rasa armashinsa, domin karin magana na daga cikin ginshiƙansa. Haka ma littafin Chinua Achebe na 1958, Things Fall Apart, wanda ke cike da karin maganar Ibo.

Shi kansa Orwell ya rufe dokokin da cewa gara a karya su da a rubuta abin da bai dace ba.

Idan manya suka saɓa

Achebe ya kare rubutu da Turanci, muddin an tanƙwara shi ya ɗauki rayuwar Afirka. Shi kuwa Ngugi wa Thiong'o na Kenya, wanda ya rasu a 2025, ya koma rubuta ƙagaggun labarai da harshen Kikuyu, ya kuma bayyana hujjojinsa a wani littafi a 1986.

Achebe na neman masu karatu daga ƙabilu da ƙasashe daban-daban, Ngugi kuma manoma da ma'aikatan ƙasarsa. Saboda haka wanda zai zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin biyu, sai ya fara tantance waɗanda yake so su karanta shi.

Yadda za a gwada

Marubuci na iya tambayar kansa: mai shawarar ya ƙware a irin wannan rubutu? Ya ba da dalili, ko son ransa kawai ya faɗa?

Sannan ya rubuta sakin layi ɗaya ta hanyoyin biyu, ya karanta a bayyane, ya ba wasu su duba. Idan masu karatu da dama suka tsaya a wuri guda, to akwai gyara a wurin, ko da maganin da suka bayar ya bambanta.