Bidiyon Biki Da Rawar Hannu

'Yan'uwana mata, duk wadda ta halarci biki a nan Nasarawa ta Kaduna a shekarun 1990 ta san mai bidiyo: ƙatuwar kyamara a kafaɗa, yana kutsawa cikin 'yan kamu. Kaset ne ake yayi a lokacin, har a Kano aka fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Amma in an zauna kallo, hoto sai rawa yake kamar mai zazzaɓi. A kaset ɗin bikin yayata sau ɗaya kakarmu ta fito, fuskarta ma ba ta tsaya an gani ba. Bayan wata biyu ta rasu.

Matsalar daga hannu take. Motsi kaɗan, in an jawo hoto daga nesa, sai ya zama girgiza. A 1975 wani Ba'amurke, Garrett Brown, ya fito da Steadicam, abin da ake ɗaurawa a jiki ya riƙe kyamara. A 1995 kamfanin Canon na Japan ya fitar da gilashin kyamara mai cirewa, wanda wani ɓangarensa ke motsawa ya gyara rawar hannu. A 2008 Nikon D90 ta zo, kyamarar hoto mai ɗaukar bidiyo.

To, uwar amarya, kada ki ba da kafin alƙalami sai mai ɗauka ya nuna miki aikinsa na baya, musamman na dare da na filin rawa. Araha ba ta ado, ranar kuma ba ta dawowa. Allah Ya sa mu dace.