Farin Ruwa da Baƙin Ruwa: Tasirinsu ga Ƙananan Halittun Kogin Neja a Yankin Bagudo

Tsakure

Maƙalar ta duba yadda sauyin launi da lokacin zuwan ruwa ke juya rayuwar ƙananan halittu masu yawo a ruwa, wato filankiton, da mazauna ƙasan kogi tsakanin Lolo da bakin tafkin Kainji. Matsayarta ita ce laka ta fi taru iko da abincin kifi a wannan yanki.

Gabatarwa

Duk lokacin da kamun kifi ya ragu, masunta Sarkawa ake fara ɗora wa laifi, a ce ragarsu ta cika ƙananan ido. Akwai gaskiya a nan, domin ragar dala tana kwashe 'ya'yan kifi tare da warangi. Sai dai wannan bayani ya tsaya a kan mai kamu, ya manta da abin da kifin ke ci. Bargi tace filankiton yake yi. Warangi ma da shi yake rayuwa, shi kuma giwan ruwa da tsage su ci warangi. Miligi da kurungu ƙasa suke bi suna tonon tsutsotsin ƙwari. Mai wannan bincike na ganin cewa hana raga kaɗai, ba tare da duba ruwan kansa ba, rabin aiki ne.

Hanyar bincike

An gwama bayanan kwararar kogi na Yamai da rubuce-rubucen da aka tara kan Kainji tun rufe madatsar a 1968, musamman na cibiyar binciken kifi ta New Bussa.

Abin da aka gano

A wannan yanki, Neja kogi ne mai cika biyu a shekara. Farin ruwa yana zuwa daga Agusta zuwa Oktoba, ruwan damina ne na kusa, wanda Sirba da Mekuru da Alibori da Sota ke turowa, daga baya Gulbin Sakkwato ya ƙara nasa kafin Yawuri. Yumɓu ne ya ba shi launi. Wanda ya tsoma hannu a bakin Lolo a wannan lokaci, kafin ruwa ya kai gwiwar hannu ya daina ganin yatsunsa. Haka rana ma take kasa shiga. Filankiton mai tsiro ba ya toho sai da haske, don haka ya ragu duk da ruwan na ɗauke da taki. Ƙananan dabbobin da ke tace ruwan kuwa sai su yi ta haɗiyar laka maimakon abinci.

Baƙin ruwa daban ne. Daga tsaunukan Gini ya taso, ya yi watanni yana ratsa fadamun Mali, inda lakarsa ke kwantawa, sai ya iso Bagudo cikin hunturu a tace. A nan ne haske ke ratsawa, gansakuka ta kama jikin burugu, tsutsotsin ƙwari da dodon koɗi su taru a saiwoyinsa, 'ya'yan kifin da aka ƙyanƙyashe da damina su sami abin ci daidai lokacin da suke bukata.

Wannan tsari ne ke karkacewa, kuma shi ne ya fi damun mai bincike. Tun farin shekarun 1970 da 1980, wanda ya kai kogin ga tsayawa cik a Yamai a watan Yunin 1985, ƙasar Sahel ta yi sanƙo, ta daina shan ruwa kamar da. Ruwan sama yana gudu a kai ya kwaso jar ƙasa zuwa kogi. Cikar damina, wato farin ruwa, wadda a Yamai ake ce wa jan ruwa, ta yi ta ƙaruwa har ta zarce ta hunturu, kamar yadda aka gani a 2012 da 2020. Mazauna ƙasan kogi ne suka fi shan wuya. Kawar kogi a jikin dutse take manne, ba ta iya ƙaura, idan laka ta binne ta shi ke nan. Tsakuwar da tsutsotsi ke ɓuya a ƙarƙashinta ta toshe, sai jajayen tsutsotsi masu jure ƙarancin iska su mamaye wurin.

Kainji ya riga ya nuna misali. Bayan 1968 ruwa mai gudu ya zama kwantacce, ƙasansa ya riƙa rasa oksijin da bazara, dangin miligi suka ja baya, faliya ta yawaita na ɗan lokaci. Ba raga ce ta yi wannan ba. Madatsar Kandaji da ake ginawa a sama da Yamai za ta taɓa lokacin isowar baƙin ruwan kansa.

Iyakar bincike

Dole a yarda cewa Kainji tafki ne, Bagudo kuma kogi mai gudu, kuma ma'aunin Yamai bai ƙunshi abin da Alibori da Sota ke zubowa daga gonakin audugar Benin ba. Awon hasken ruwa wata-wata a Lolo da Illo, haɗe da ɗibar lakar ƙasa, shi zai cike wannan giɓi.