Lakuros: Dabaru da haɗin 'yan wasa a wasan ƙarshe na sakandaren Amurka

Lakuros wasa ne na sanda da ƙwallo wanda yaran sakandare a Amurka ke bugawa daga watan Maris zuwa ƙarshen Mayu ko farkon Yuni. Yawancinmu a nan Legas, Ibadan ko Fatakwal ba mu taɓa ganin sa ido da ido ba, sai dai guntun bidiyo a YouTube ko TikTok: samari da hular kwano, kowa riƙe da sanda mai 'yar raga a baki, ana gudu ana bangazar juna. Wanda bai san kan abin ba zai ɗauka hargitsi ne. To akwai lissafi a ciki, kuma tunda wasan zai koma gasar Olamfik a Los Angeles a 2028, gara mutum ya san abin da yake kallo tun yanzu.

Asalinsa na 'yan asalin nahiyar Amurka ta Arewa ne, musamman ƙabilun Irokwa, waɗanda ke kiran kansu Haudenosaunee. Wani limamin mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya rubuta labarin wasan a shekarun 1630. A 1867 wani likitan haƙori a Montreal ta Kanada, George Beers, ya tsara masa dokokin zamani. An buga shi a Olamfik na 1904 da 1908.

Inda abin ya fi zafi

A matakin sakandare, wurare biyu ne suka fi suna: yankin Baltimore a jihar Maryland, da jihar New York, musamman Long Island da kewayen Syracuse. A Baltimore akwai gasar makarantun kuɗi da ake kira MIAA, inda McDonogh, Calvert Hall, Boys' Latin, Gilman, St. Paul's da Loyola Blakefield ke gwabzawa. Calvert Hall ta ɗauki kofin sau uku a jere, 2017 zuwa 2019. Boys' Latin ta ɗauka a 2021, sannan McDonogh ta zo ta yi nata ukun: ta doke St. Mary's a 2022, Calvert Hall a 2023, Boys' Latin a 2024. A New York kuwa, koci Mike Messere ya ci kofin jiha sau 15 da makarantar gwamnati ta West Genesee kafin ya ajiye aiki a 2018.

Wasan ƙarshe guda ɗaya tak ake yi, babu zuwa gida da waje. Ga 'yan ajin ƙarshe, yawancinsu ranar ce ta ƙarshe da za su sa rigar wata ƙungiya, don kaɗan ne ke samun gurbi a ƙungiyoyin jami'a. Sau da yawa kuma makarantun biyu sun riga sun haɗu a cikin kakar, kowane koci yana da bidiyon ɗan'uwansa. Ba wani ɓoyayyen abu. An san wane ne bahago, an san wane ne ba ya iya harbi da hannun hagu.

Fili da mutane

Tsawon fili yadi 110 ne, faɗi yadi 60, wato bai kai filin ƙwallon ƙafa faɗi ba. Raga ƙarama ce, ƙafa 6 tsaye, ƙafa 6 kwance, kuma ba a ƙarshen fili take ba: akwai yadi 15 a bayanta da ake wasa a ciki. An zagaye ta da da'ira wadda 'yan gaba ba su da izinin takawa. Ƙwallon na roba ne mai tauri, bai kai lemu girma ba. Ana yin zubi huɗu, kowane minti 12.

Kowane ɓangare mutum goma: gola, 'yan baya uku, 'yan tsakiya uku, 'yan gaba uku. Dokar satar gida ta ce dole ka bar mutum uku a rabin abokan hamayya, huɗu a rabinka. Saboda haka idan wasa ya natsu a gaban raga, shida ne ke kai hari, shida ke tarewa, ga gola. Canji kuma ba iyaka, ana yin sa wasa na tafiya.

Ga inda duk dabarar ta samo tushe. Sanda iri biyu ce. Gajera inci 40 zuwa 42, doguwa kuma tana kaiwa inci 72, wato ƙafa shida, ta fi sandar makiyayi tsawo. Doka ta yarda ƙungiya ta sa dogayen sanduna huɗu kacal a fili lokaci guda, ban da ta gola. Masu tarewa shida, dogayen sanduna huɗu. Ke nan ko yaushe akwai masu kai hari biyu da ɗan gajeriyar sanda ke gadi. Duk wani koci da ya kwana yana kallon bidiyo, amsar tambaya biyu yake nema: su wa zan ba dogayen sandunana, kuma ta yaya zan farauci gajerun nasu?

Kokawar tsakiya

A ƙwallon ƙafa, idan aka ci ka, kai ake ba ƙwallo ka take. A lakuros ba haka ba ne. Bayan kowane ci, da farkon zubi, ana ajiye ƙwallo a tsakiyar fili, mutum biyu su duƙa da sandunansu a ƙasa, alƙalin wasa ya busa, wanda ya riga ya danne ya fizgo. Suna kiran wannan fesof. Abin nufi, ƙungiya za ta iya ci, ta sake ƙwace ƙwallo, ta sake ci, ta jera huɗu ko biyar ɗayan ɓangaren bai ko taɓa ƙwallon ba.

Mu yi lissafi. A ce an ci ƙwallo 20 a wasa, ga farkon zubi huɗu, kusan kokawa 24 ke nan. In yaronka ya ci 16 ya bar musu 8, ka fi su samun ƙwallo sau takwas. A wasan da ake rabuwa da ci ɗaya ko biyu, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Shi ya sa manyan makarantu ke da yaron da aikinsa ke nan kawai: ya ci kokawa, ya miƙa ƙwallo, ya ruga waje. Trevor Baptiste, wanda ya taimaka wa Jami'ar Denver ta ci kofin ƙasa a 2015, da wannan aikin ya yi suna.

To in kai ne ba ka da irin wannan yaron fa? Sai ka haƙura da dannewar, ka maida abin wawaso. Wasu kocin kan sa mai doguwar sanda ya tsaya da gwanin, ba don ya riga shi ba, sai don ya yi ta dukan sandarsa har ƙwallo ta faɗi. Ga kuma mutum biyu-biyu da ke rugowa daga gefe da zarar an busa. Idan naka sun fi zafin nama, gwanin na iya dannewa amma ƙwallon ta ƙare a hannunku. A ganina, adadin ƙwallon da aka tsinta a ƙasa ya fi nuna wanda ya fi son kofin fiye da kowane adadi a takardar wasa.

Wa zai tsaya da wa

Yadda aka saba, dogaye uku suna bin 'yan gaba uku, na huɗun yana bin ɗan tsakiyar da ya fi haɗari. Amma a wasan ƙarshe da wuya ka samu ƙungiyar da ɗan tsakiya ɗaya kawai take da shi. Idan biyu ne masu hatsari, koci kan ɗauko ɗan baya guda ya tura shi sama, ya bar mai gajeriyar sanda da ɗan gaban da ba ya yawan riƙe ƙwallo, irin wanda ke laɓe bakin da'ira yana jiran a ba shi ya jefa. Gaba kura baya sayaki: in wannan ɗan gaban ya gane an raina shi ya fara ɗaukar ƙwallo yana kutsawa, dabarar ta rushe.

Ba girma kaɗai ake dubawa ba. Ɗan gaba ƙarami mai saurin juyi, wanda ke aiki daga bayan raga, yana buƙatar ɗan baya mai ƙafa, ko da ba shi da jiki. Ƙato mai tura mutum da kafaɗa kuwa sai ƙato irinsa. Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ce "gwaninmu ya bi gwaninsu" ba tare da an duba ko salonsu ya dace ba.

Akwai kuma kullewa. A sa yaro ɗaya ya manne wa tauraronsu, fuska da fuska, bai damu da inda ƙwallo take ba, aikinsa kawai kada ta iso hannun wancan. Wasa ya koma biyar da biyar. Yana aiki idan ƙungiyar mutum ɗaya ce. Idan kuwa suna da hannu da yawa, ka buɗe musu fili ne a banza.

Masu kai hari su ma ba zama suke ba. Sukan ja ɗan tsakiyar da gajeriyar sanda ke gadi zuwa bayan raga, wurin da mai gadin bai saba ba, inda gola sai ya juya baya kafin ya gan su. Ko mutum biyu su haɗa kai, ɗaya ya tsaya kyam ya zama shinge, mai gadin ɗan'uwansa ya yi karo da shi. In masu tsaro suka yi musanya, shi ke nan, gwani ya faɗo hannun gajeriyar sanda. Wannan salon ya yaɗu ne daga lakuros na cikin ɗaki da ake bugawa a Kanada da garuruwan Irokwa. Wanda yake son ya ga abin da mutum ɗaya zai iya yi daga bayan raga, ya nemi bidiyon Lyle Thompson ɗan ƙabilar Onondaga, wanda ya ci kyautar Tewaaraton ta gwarzon jami'o'i a 2014 tare da yayansa Miles, ya sake ci shi kaɗai a 2015.

Kawo ɗauki

Idan aka wuce mai gadi, dole wani ya bar nasa ya taro. Shi kuma wanda aka bari, na uku ya rufe, sauran su zagayo. Duk cikin daƙiƙa biyu ko uku. Gola ne ke ihu yana faɗin inda ƙwallo take da lokacin da za a taso. Shawarar koci a nan ita ce: mu taso da wuri, mu tilasta musu su yi ta miƙa ƙwallo, ko mu jinkirta mu amince da masu gadinmu? Da ƙungiya mai iya raba ƙwallo, tasowa da wuri ganganci ne. Da ƙungiya mai tauraro ɗaya mai son kai, shi ne magani.

Wasu kan sauya zuwa tsaron yanki, kowa ya riƙe wurinsa, a bar su su yi ta harbi daga nesa. Wannan caca ce a kan gola. Golan da ya tare rabin abin da aka harbo kan raga ya yi aikinsa. Ranar da ya haura haka sosai, ƙaramar ƙungiya na iya kayar da babba, duk da an fi ta cin kokawar tsakiya. Wani abin lura: idan harbi ya wuce raga ya fita, ana ba ɓangaren da ɗan wasansa ya fi kusa da ƙwallon lokacin da ta fita. Don haka kullum za ka ga ɗan gaba ɗaya a bayan raga, yana shirin rugawa layi.

Fitar da ƙwallo da laifuka

Gola ya tare, yana da daƙiƙa 4 ya fitar da ƙwallo daga da'ira. Ƙungiyarsa na da daƙiƙa 20 ta haye tsakiya. A nan 'yan gaban ɗayan ɓangaren ke zama masu tsaro, kuma nan ake gane malalacin ɗan gaba. Ƙungiyar da ake ci, lokaci na tafiya, takan fito da golanta daga raga ya riƙe mutum, kowa da nasa, goma cif. In sun ƙwace, madalla. In wani ya hango ragar a buɗe, daga nesa zai wurga.

Laifi ana biyan sa da zaman benci: daƙiƙa 30 kan ƙarami kamar turi ko riƙo, minti ɗaya zuwa uku kan babba kamar dukan kai ko sara da sanda. Shida da biyar ke nan. Kocin da ke da wayo yakan ɓoye tsari ɗaya na irin wannan lokacin, wanda bai taɓa nunawa ba duk kakar, sai ranar kofi.

Minti biyun ƙarshe

A jami'o'i akwai agogon harbi na daƙiƙa 80, amma a sakandare wurare da yawa sun daɗe suna wasa babu shi. Inda babu, ƙungiyar da ta san an fi ta gudu takan riƙe ƙwallo minti biyu ko uku kafin ta harba, don a rage yawan hare-hare. 'Yan kallo ba sa so, ni ma ba na jin daɗin kallon sa, amma yana cin wasa. Abin da doka ta tanada shi ne alƙali na iya yin gargaɗin ɓata lokaci, kuma a minti biyun ƙarshe, ƙungiyar da ke gaba da ci huɗu ko ƙasa da haka dole ta riƙe ƙwallo cikin akwatin harin, in ta fita an ƙwace. A nan ake ba yaron da ya fi kowa ƙafa ƙwallo, mutum biyu su bi shi da sanduna, gola ya baro raga ya riƙe wanda aka saki.

Kowace ƙungiya na da hutun koci biyu a kowane rabi, kuma mai hankali yakan adana ɗaya don harin ƙarshe. Idan aka tashi kunnen doki, ana ƙara minti 4, wanda ya fara ci ya ɗauki kofi nan take. Ƙarin lokacin ma da kokawar tsakiya ake buɗe shi, kuma galibi da zarar ƙungiyar da ta samu ƙwallo ta shiga yankin hari, kocinta zai nemi hutu ya fito da allo, ya nuna wa yaransa mai gajeriyar sandar da za a nufa.