Matasan da Aka Kwantar a Asibiti Bayan Yunƙurin Halaka Kansu: Abin da Ke Damunsu da Aikin Ikkilisiya

Wannan bayani domin fastoci ne, da masu bishara, da dattawa, da shugabannin zumuntar mata da ta matasa, da iyaye. Ya shafi yara 'yan shekara 13 zuwa 19 waɗanda suka yi yunƙurin kashe kansu, Allah ya tsare ransu, aka kwantar da su a asibiti. An ɗauki misali da ƙasar noma irin ta Tofa a Jihar Kano, inda gidaje ke kusa da juna, kowa kuma ya san kowa. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne: sallama daga asibiti tana nufin jiki ya farfaɗo. Ciwon da ya kai yaron can yana nan tukuna, yana da magani, kuma makonnin farko bayan komawa gida su ne mafi haɗari.

Girman matsalar

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa sama da mutum 700,000 ne ke mutuwa ta wannan hanya kowace shekara, kusan kashi uku cikin huɗu a ƙasashe matalauta da masu matsakaicin ƙarfi. Tana cikin manyan sanadin mutuwar 'yan shekara 15 zuwa 29. Hukumar ta kuma ce yaro ɗaya cikin bakwai, tsakanin shekara 10 da 19, yana fama da wata matsala ta lafiyar tunani.

A Najeriya, binciken da Farfesa Olayinka Omigbodun ta Jami'ar Ibadan da abokan aikinta suka wallafa a 2008 ya tambayi yara 1,429 'yan makaranta a kudu maso yamma. Fiye da kashi 20 cikin ɗari sun ce sun yi tunanin kashe kansu, kimanin kashi 12 kuma sun ce sun yi yunƙuri a cikin shekarar da ta gabata. Waɗanda ake kaiwa asibiti kaɗan ne daga cikin irin waɗannan yara, gama iyalai da yawa sukan rufe maganar saboda kunya.

Haɗarin da ke cikin gidan manomi

A Tofa da maƙwabtanta irin su Dawakin Tofa da Rimin Gado, da wuya a sami gidan da ba a ajiye maganin feshi ba: na ciyawa da damina, na ƙwari lokacin da wake ke fure, na adana hatsi da kaka. Sau da yawa yana bayan ƙofa ko a gindin rumbu, inda hannun yaro zai kai. Kimanin kashi ɗaya cikin biyar na masu kashe kansu a duniya da irin waɗannan magunguna ne, akasari a karkara.

Ƙasar Siri Lanka ta nuna abin da nesanta guba ke yi. Da ta haramta magungunan feshi mafi dafi, yawan masu kashe kansu ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015. A nan gida, hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabe na wani maganin ƙwari a kasuwanni da shaguna a 2019, bayan mutuwar matasa da shi ta yi yawa. Dalilin da ya sa irin wannan mataki ke ceton rai shi ne, ga matashi, lokacin da ke tsakanin yanke shawara da aikatawa gajere ne, wani lokaci bai kai sa'a guda ba. In gubar ba ta kusa, sau da yawa zafin yakan sauka kafin a kai ga ɓarna.

Abin da likitoci ke samu a tare da su

Yawancin matasan da aka kwantar ana samunsu da matsala ɗaya ko fiye daga cikin waɗannan.

Ciwon damuwa. Shi ne ya fi yawa. Baƙin ciki ne da ya zarce mako biyu bai ɗaga ba, tare da rashin sha'awar abin da yaro ya saba so, lalacewar barci da cin abinci, kasala, da ganin kai ba a bakin komai ba. A jikin matashi yakan fito da siffar saurin fushi, taurin kai, ciwon kai ko ciwon ciki da aka rasa dalilinsa, da faɗuwa a karatu. Shi ya sa iyaye sukan ɗauke shi rashin kunya ko lalaci, su ƙara masa da duka.

Fargaba da tabon abin da ya wuce. Yaron da aka yi wa fyaɗe, ko ake yi wa duka mai tsanani, ko ya ga kisa a lokacin rikici, yakan riƙa firgita, yana mugayen mafarkai, yana guje wa mutane. Da yawa ba su taɓa faɗa wa kowa ba sai a gadon asibiti, musamman in mai laifin ɗan gida ne.

Shaye-shaye. Tramol, maganin tari mai kodin, wiwi, sholisho da giya suna rage wa mutum ikon kame kansa, suna kuma zurfafa damuwa. Gwamnatin Tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018, bayan rahoton BBC da ya nuna yadda yake cin matasa, har da 'yan mata, a Kano da wasu garuruwa. Wasu yaran sun fara sha ne don su sami barci ko su manta abin da ke cin ransu.

Gaggawar aikatawa. Sashen ƙwaƙwalwa da ke auna sakamako kafin a yi abu ba ya gama nuna sai mutum ya wuce shekara 20. Saboda haka faɗa da uwa, faɗuwa jarrabawar WAEC ko JAMB, cikin da ba a shirya ba, auren da ba a so, bashin caca ta waya, ko hoton da aka yaɗa don tozartawa, duk suna iya zama wa matashi kamar ƙarshen duniya. Irin wannan abu shi ne ashanar da ta kunna wutar, amma busasshen karan ya daɗe a jibge.

Ciwo mai daɗewa da taɓin hankali mai tsanani. Masu farfaɗiya, sikila, ko cutar ƙanjamau suna ɗauke da ƙarin nauyi na zafi da tsangwama. Kaɗan daga cikin yaran kuma suna jin muryoyi ko ganin abin da babu shi. Waɗannan suna bukatar likitan ƙwaƙwalwa ba tare da jinkiri ba.

'Yan mata sun fi yawa a cikin waɗanda ake kwantarwa, amma samari sun fi mutuwa. Abin da ya haɗa kusan dukansu shi ne yanke ƙauna, da jin cewa sun zama kaya ga iyalinsu, da kaɗaici ko a cikin taro. Yawanci zuciyarsu biyu ce: suna so azabar ta ƙare, suna kuma so a cece su. Ta wannan ƙofa ce taimako ke shiga.

Abin da ake yi a asibiti

In an tarar yaro ya sha guba, kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara, domin suna iya shiga huhu. A kwantar da shi ta gefe, a cire tufafin da maganin ya taɓa, a ɗauki kwalbar a tafi da ita asibiti mafi kusa. Ko da ya ce ya ji sauƙi a tafi, gama wasu magunguna ba sa nuna ɓarnarsu sai bayan kwana ɗaya ko biyu.

Bayan ceton rai, ya kamata ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa ya zauna da yaron shi kaɗai, sa'an nan da iyayensa. Zai tambayi ko ya taɓa yin haka a baya, yadda barcinsa da karatunsa suke, abin da yake sha, wanda ke cutar da shi, da ko niyyar tana nan. In ba a yi wannan zama ba, iyaye su roƙi takardar turawa kafin su bar asibiti. Mutanen Tofa suna kusa da asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau, akwai kuma sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A wasu jihohi akwai asibitocin tarayya na ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware ta Sakkwato, da Maiduguri.

Magani iri biyu ne: zaman tattaunawa da gwani, da ƙwayoyi in likita ya ga dacewa. Ƙwayar damuwa takan ɗauki mako biyu zuwa shida kafin a ga amfaninta, ba a kuma daina ta sai da izinin likita. Babban mutum ne zai riƙe ta, yana ba yaron ta kowace rana.

Matsayin doka

Sashe na 231 na dokar Final Kod ta Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara guda, ko tara, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Tsoron wannan doka yana hana wasu iyalai faɗa wa likita gaskiya. A watan Janairu na 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba marasa lafiya haƙƙin kulawa da mutunci. Ƙasar Gana ta soke hukunta masu yunƙurin a 2023, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ma ta bayyana a 2024 cewa tana neman a yi haka a Najeriya. Ko yaya dai, ɓoye wa likita abin da yaro ya sha yana iya jawo asarar rai.

Abin da Littafi Mai Tsarki ya nuna

Rai na Allah ne, ikkilisiya kuwa ba za ta daina koyar da haka ba. Amma mu dubi yadda Ubangiji ya bi da bawansa Iliya a 1 Sarakuna sura 19. Annabin ya gaji, ya tsorata, ya roƙi mutuwa. Aka bar shi ya yi barci, aka ba shi abinci da ruwa har sau biyu, sa'an nan Allah ya saurari kukansa, ya nuna masa ba shi kaɗai ya rage ba, ya ba shi aiki da abokin tafiya, wato Elisha. A Ayyukan Manzanni sura 16 kuma, da mai tsaron kurkukun Filibi ya zare takobi zai kashe kansa, Bulus ya ɗaga murya ya tsayar da shi, a daren nan kuwa mutumin da iyalinsa suka ba da gaskiya. Ciwon damuwa yana kama mai bi kamar yadda hawan jini ke kama shi. Addu'a da magani suna tafiya tare. Wanda ya ce wa iyali su zubar da ƙwaya su dogara ga azumi kaɗai ya jefa yaron cikin haɗari.

Bayan sallama: aikin gida da ikkilisiya

Babbar alamar da ke nuna mutum zai iya sāke yunƙuri ita ce ya taɓa yi. Haɗarin ya fi tsanani a makonnin farko, yana kuma nan da ƙarfi har wata uku da fiye. Ga abin da ya kamata a yi.

A kwashe maganin feshi, maganin ɓera da tarin ƙwayoyi daga gidan, ko a kulle su a akwati, mabuɗin yana hannun mutum ɗaya.

Kada a bar yaron shi kaɗai na dogon lokaci, amma kada a mai da shi ɗan kurkuku. A bar shi ya zaɓi babban mutum ɗaya da ya amince da shi, ko gwaggo ko kawu ko malamin makarantar Lahadi.

A cika ranar komawa asibiti. In kuɗin mota ne matsala, baikon taimako na ikkilisiya ya ɗauka.

A yi tambaya kai tsaye, cikin taushi: "'Yata, tunanin nan na gara ki mutu yana dawo miki?" Bincike ya nuna tambaya ba ta dasa tunanin. Sauƙi take kawowa, don yaron ya ga akwai mai iya jin maganar.

A rufa asiri. Kada a ambaci suna a addu'ar jama'a ko a yi misali da yaron a wa'azi, kada a tsayar da shi gaban ikkilisiya don horo. A ƙauye magana ɗaya takan kai kasuwa kafin yamma, tana kuma iya bin yarinya har ranar aurenta.

A gyara abin da ya kunna wutar. In duka ne a daina, in auren dole ne dattawa su shiga, in fyaɗe ne a raba yaron da mai laifin a kai ƙara.

A kula da 'yan'uwansa da abokansa, domin irin wannan abu yakan yi naso a tsakanin tsara. Iyayen ma suna bukatar ziyara, gama suna ɗauke da kunya da zargin kai.

Alamun komawa asibiti nan take

A koma a ranar in yaron yana maganar mutuwa ko ban kwana, yana rabar da kayansa, yana neman inda aka ɓoye magani, ya daina barci ko ci, ya koma shaye-shaye, yana jin muryoyi, ko ya yi wata natsuwa ta farat ɗaya bayan doguwar damuwa. Kada a jira gari ya waye, kada kuma a bar shi shi kaɗai a hanya.

Yawancin waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba sa mutuwa ta wannan hanya daga baya. Da magani da kulawar gida sukan koma makaranta da gona, su yi aure, su riƙe gidajensu. Ranar 10 ga Satumba ta kowace shekara ita ce ranar hana kashe kai ta duniya, ikkilisiya za ta iya amfani da Lahadin da ke kusa da ita ta gayyaci ma'aikacin lafiya ya koyar da iyaye da matasa.