Hanyar Makaranta a Sabon Ibadan: Jiya da Yau

Tun 1916 aka kafa unguwarmu ta Sabo. Baba ya ce da gwamnatin tarayya ta kawo firamare kyauta a 1976, da ƙafa suke zuwa makaranta, ayari guda, manya riƙe da hannun ƙanana. Daga baya motoci suka yawaita, haɗari ya ƙaru, har aka kafa hukumar kiyaye haɗurra a 1988. Tsoron titi ya sa muka koma okada. Yau za ka ga yara uku kan babur ɗaya a Mokola, ba hular kwano. Jama'a, mu dawo da ayarin nan. Kowane layi ya ba da babba ɗaya, ya raka yara, ya tsallakar da su titi. Allah ya tsare mana zuri'a, amin.